Gwajin jini kaɗai zai nuna sefsis a jikin kare?

Tambaya: Likita, karyata ta yi ciwon mugunya a mahaifa, an ce ana tsoron sefsis. An ɗebi jininta har sau uku. Shin babu gwaji ɗaya da zai raba gardama?

Amsa: Malam, babu. Sefsis shi ne ƙwayoyin cuta su shiga jiki, garkuwar jiki ta mayar da martani har ta wuce gona da iri, ta fara lalata ƙoda, hanta da huhu. Shi ya sa likita ke haɗa alamomi. Ana fara zargi idan biyu daga cikin huɗun nan suka haɗu a karen da ke da tushen cuta: zafin jiki ƙasa da 38.1 ko sama da 39.2 a ma'aunin Salshiyos, bugun zuciya sama da 120 a minti, numfashi sama da 20, da fararen ƙwayoyin jini ƙasa da 6,000 ko sama da 16,000 a kowace maikurolita ta jini. Sai dai tsoro ma kan ɗaga bugun zuciya da numfashi, don haka zargi ne kawai.

Sinadarin CRP, wanda ake aunawa a jini don gane kumburi, hanta ke fitar da shi. Yakan fara hawa cikin awa 4 zuwa 6 da soma kumburi, ya kai ƙololuwa a awa 24 zuwa 48. Tiyata ko kumburin pankiriyas (gaɓar da ke fitar da insulin) ma suna ɗaga shi, saboda haka amfaninsa ya fi yawa wajen bibiya: in yana sauka kullum, magani na ci.

Laktet, sinadarin da jiki ke samarwa in ya sarrafa sukari ba tare da isasshiyar oksijin ba, ya fi buƙatar kula. A lafiyayyen kare bai cika wuce 2.5 mmol/L ba, hawansa kuma na nuna iskar oksijin ba ta isa sassan jiki. A nan ake yawan kuskure. In jini ya jima a kwalba ba a auna ba, jajayen ƙwayoyin suna ci gaba da cin sukari, sai sukarin ya sauka, laktet ya hau, sakamakon ya yi ƙarya. Haka in karen ya yi ta kokawa lokacin ɗiba. A auna nan take, a sake bayan ƙarin ruwa. Wanda ya ƙi sauka shi ne abin tsoro, wannan ne dalilin ɗiba sau uku.

In ruwa ya taru a kogon cikin kare, ana kwatanta sukarinsa da na jini. Idan na jini ya zarce da fiye da 20 mg/dL, alama ce mai ƙarfi cewa bakteriya na cikin ruwan.

Gwajin sinadarin furokalsitonin da ake yi wa mutane don gano sefsis bai riga ya zama abin dogaro a karnuka ba.

Jinin da za a shuka, wato a raini ƙwayar cutar da ke cikinsa a ɗakin gwaji don a gano ta, a ɗebe shi kafin allurar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga jijiya biyu, bayan an aske wurin an goge. Sakamakon na ɗaukar kwana 2 zuwa 3, kuma ba a jiransa: a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa, a cire mahaifar da zarar karyar ta iya ɗaukar tiyata.