Mawaƙin da Nake So Ya Canja Salo

TAMBAYA: Malam, shekara goma sha ɗaya ina bin wani mawaƙi, babu waƙarsa da ban haddace ba. A da jita ce da ganga kawai, muryarsa tas. Sabon kundin da ya fitar kuwa kiɗan kwamfuta ne zalla, an bi muryar da na'ura har na kasa gane shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kuɗi ya bi ya watsar da mu, ko ni ce na ƙi canji?
Daga wata mai karatu

AMSA: Malama, ɓacin ranki yana kan hanya, kuma ba a kanki farau ba. A watan Yulin 1965 Bob Dylan, mawaƙin Amurka da aka saba jin sa da jita marar lantarki, ya hau dandamali a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a Amurka da jitar lantarki a hannu, wasu masoyansa suka yi ta yi masa ihu. Da shekara ta zagayo, a Manchesta ta Ingila, wani ya ɗaga murya daga cikin taro ya kira shi Yahuza, wato maci amana. Dylan ɗin nan ne aka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016, saboda kalmomin waƙoƙinsa. Kayan kiɗan ne ya canja, bakin bai canja ba.

Ban yarda kullum kuɗi ne dalili ba. Murya tana tsufa. Wanda yake kai ƙololuwa yana ɗan ashirin da biyar, in ya doshi arba'in maƙogwaro kan ƙi, dole ya nemi kiɗan da zai ɗauke shi. Wani lokacin kuma sabon mai haɗa kiɗa ya samu, shi ne ya zo da nasa kunnen.

Inda nake tare da ke shi ne zancen na'ura. Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 don gyara ɗan karkacen murya, amma in aka matsa ta da yawa sai ta goge duk abin da ya bambanta mutum da waninsa. Ni ma akwai mawaƙin da nake ƙauna don yadda yake jan numfashi kafin amshi, da wata 'yar rawa da muryarsa ke yi a ƙarshen baiti. Ranar da na sa abin sauraro a kunne na nemi numfashin nan a sabon kundinsa na rasa, wallahi sai da na kashe wayar na yi shiru.

Ga abin da na yi daga baya, ke ma ki gwada. Zaɓi waƙa ɗaya, ki saurare ta sau uku cikin dare, sannan washegari ki rera baitocin da bakinki, ba kiɗa. In har sun taɓa ki yadda tsofaffin suke yi, to yana nan, ki ba shi lokaci. Ni a cikin waƙoƙi goma sha biyu, uku ne suka tsaya da ƙafarsu. Su nake ji har yau, sauran na bar wa masu so.