Ku Tambaya Mu Amsa: Wane ne Rivera mai lamba 42?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Yayana da ke zaune a Niyok ne ya aiko min da wata riga mai rubutun NY a gaba irin na hular nan da samari ke sawa, a baya kuma lamba 42, wai ta wani Mariano Rivera ce. Da na tambaye shi sai ya ce min ai mutumin aikinsa jifa ne kawai, shi ma ɗin ba ya shigowa sai wasa ya kusa tashi. Dan Allah ya za a yi mutum ya yi suna da jifan minti goma? Ko dai yaya zolayata yake? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikassalam ɗan uwa. Yayanka bai zolaye ka ba, gaskiya ya faɗa maka, sai dai ya taƙaice labarin da yawa. NY ɗin nan tambarin kulob ɗin New York Yankees ne na wasan besbol, kuma na san da yawan masu sa hular a Kano da Kaduna ba su taɓa kallon wasan ko sau ɗaya ba, ba laifi ba ne, hula dai ta yi kyau.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, tsakaninsa da mai riƙe da sanda mita 18 da ɗan wani abu, ya wurgo ƙwallo, shi kuma wancan ya yi ƙoƙarin maka mata sanda. Wasa zagaye 9 ne, a kowane zagaye sai ka fitar da mutum uku kafin ku huta. Toh akwai mai jifan da ke fara wasa, akwai kuma wanda ake ajiyewa sai zagaye na ƙarshe idan kulob na gaba da ɗan maki kaɗan, shi za a kira a ce zo ka rufe mana ƙofa. Wannan shi ne aikin Rivera. Ka ɗauka kamar gola ne da ba a sako shi sai lokacin fanareti, in ya tare an ci wasa, in ya yi sake duk wahalar da abokansa suka sha tun farko ta tashi a banza kuma shi kowa zai zaga.

Mutumin ɗan ƙasar Panama ne, an haife shi a 1969, ya tashi a wani ƙauyen masunta da ake kira Puerto Caimito. Babansa jirgin kamun kifi yake ja. Abin da zai ba ka mamaki, shi ƙwallon ƙafa ya fi so tun yana yaro, ciwon idon sawu ne ya raba shi da ita. Besbol ɗin ma a bakin teku suke yi, da kwalin madara a matsayin safar hannu, ƙwallon kuma tsohuwar raga ce ake dunƙulewa a naɗe da salatif. Ya yi aikin jirgi tare da babansa, ya ga wuya, har burinsa lokacin ya zama bakanike. A 1990 Yankees suka ɗauke shi a kan kuɗin da bai wuce ƴan dubban daloli ba, ko Turanci ba ya ji, a 1992 aka yi masa tiyata a gwiwar hannu, sai 1995 ya samu hawa babban kulob, a nan ma da suka gwada shi a mai fara wasa bai yi wani abin a zo a gani ba.

A 1997 ne abin ya canja. Suna ɗan wurge-wurgen motsa jiki da abokinsa Ramiro Mendoza sai ƙwallon ta fara yin wani abu da shi kansa bai nufa ba, ta taho a miƙe da gudun kusan kilomita 150 a awa, dab da za ta iso sai ta ɗan goce gefe. Da farko ma ƙoƙarin gyarawa suka yi shi da koci, a zatonsu matsala ce, ta ƙi gyaruwa. Ita ce jifar da ake kira kata (cutter a Turance), shi kuma har ya yi ritaya cewa yake kyauta ce daga Allah. Idan mai sandan bahago ne, ƙwallon sai ta kutso masa ta wajen hannu inda sandar ta fi siranta, sai ka ji ƙas, sanda ta rabu biyu, ƙwallo ta gangara gaban Rivera a hankali ya ɗauka ya miƙa wa abokin wasansa a fitar da mai sandan. Sandunan da ya karya sun yi yawan da a shekararsa ta ƙarshe kulob ɗin Minnesota Twins suka haɗa masa kujerar lilo da karyayyun sanduna suka ba shi kyauta.

Ni abin da ya fi burge ni kenan wallahi. Sauran masu jifa suna da salo uku huɗu suna ɓoyewa don su rikita mai sanda, shi kuwa kusan abu ɗaya yake yi, mai sanda ya sani, ƴan kallo sun sani, mai sayar da lemo a filin ma ya sani, amma dai a kasa. Haka ya yi ta yi har ya rufe wasa 652 da nasara, babu wanda ya kai shi a tarihi, ya ci kofin World Series, wato karawar ƙarshe da ke fitar da zakaran babbar gasar besbol ta Amurka, sau biyar, 1996, 1998, 1999, 2000 da 2009. Albashinsa ya kai dala miliyan 15 a shekara, kaga jifan minti goman ba na wasa ba ne.

Ba kullum ake kwana a gado ba dai. A wasan ƙarshe na World Series na 2001 a hannunsa kofin ya suɓuce, Luis Gonzalez na kulob ɗin Arizona ya ɗan taɓa ƙwallon ta tsallake kan ƴan tsaro, shikenan. A 2012 kuma jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Kansas City, ba ma a cikin wasa ba, wajen atisaye, yana da shekara 42, kowa ya ce ya gama, sai ga shi ya dawo 2013 ya buga kaka guda cur. Ranar wasansa na ƙarshe a gida tsofaffin abokansa Derek Jeter da Andy Pettitte ne suka fito su raka shi waje, ya kifa kai a kafaɗar Pettitte ya yi ta kuka. A 2019 aka zaɓe shi shiga zauren gwarzayen besbol da ƙuri'a 425 cikin 425, shi ne na farko da ba a samu ko mutum ɗaya ya ƙi shi ba.

Batun lamba 42 kuwa, ta Jackie Robinson ce, baƙar fatan da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasar a 1947. A 1997 aka hana ba wa kowa ita don girmama shi, sai waɗanda dama suke sanye da ita aka bari su ƙarasa, kuma Rivera ne na ƙarshensu. Don haka rigar nan dan Allah kar a ba ƙanne su tafi da ita filin ƙwallon unguwa.