Amsa ga Malam kan Zamanmu a Jami'o'in Jamus

Allah ya gafarta Malam, gaisuwa da ban girma. Tambayoyin da Malam ya aiko sun iso, kuma na ga ya fi in amsa su a fili, domin duk mai ɗa ko ƙani a jami'o'in Turai ya taɓa yin irinsu ko da a zuci ne. Malam ya ce abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne mutum ya gama digiri na uku, ya yi iyali, furfura ta fara fito masa, amma kullum sai a ji ya tashi daga wannan gari ya koma wancan, kamar wanda ƙasa ke ƙona wa ƙafa. Daga nan zan fara, don kusan duk sauran halayenmu daga nan suka samo tushe.

Ba son yawo ba ne, Malam. Tsarin aikin ne haka. Tun 2007 Jamus ke da dokar da ta ba jami'a damar ɗaukar mai bincike aiki na wa'adi, shekara 6 kafin ya kammala digiri na uku, da wasu 6 bayansa. In wa'adin ya cika bai samu kujera ta dindindin ba, to sai dai ya samo kuɗin bincike daga wata gidauniya da za ta biya albashinsa, ko ya bar harkar jami'a baki ɗaya. Mafi yawan malaman da ba su kai farfesa ba a kan irin wannan kwantiragi suke, wani shekara biyu, wani uku. Kujerar farfesa kuma ba ta hanyar ƙarin girma ake hawanta ba, ba a cewa wane ya daɗe, lokacinsa ya yi. Tallata ta ake yi a jarida, a nema daga ko'ina. Bisa tsohuwar hanya sai mutum ya sake rubuta wani babban littafi bayan na digiri na uku, ya kāre shi gaban farfesoshi, kafin a ce ya cancanta, ko da yake tun 2002 an buɗe wata ƙofa ta ƙaramin farfesa. Sannan suna da al'ada, dokokin jihohi kuma sun ƙarfafa ta, cewa jami'a ba ta cika naɗa ɗan gida ba. Wanda ya yi karatu a birnin Kolon, sai dai ya nufi Leipzig ko Hamburg neman kujera. Hikimarsu ita ce kada malami ya naɗa almajirinsa magaji, ilimi ya tsaya wuri guda yana maimaita kansa. Na yarda da hikimar, amma iyali ne ke biyan kuɗinta. Su kansu Jamusawa da yawa matansu da 'ya'yansu na wani gari, su suna kwana uku a wani, rabin rayuwarsu a jirgin ƙasa.

To mu da muka zo baƙi, ba dangi, wannan tashi da sauka ne ya haɗa kanmu. Mu ba mu da unguwa guda da za a nuna a ce ga zangon Hausawa. A warwatse muke, nan gida biyu, can gida biyar, wasu daga Najeriya, wasu daga Nijar, wasu 'yan zangon Gana ne. Abin da ke riƙe da mu shi ne zauren WhatsApp da kuma ƙa'ida guda da ba a rubuta ba: wanda ya sauka ba ya kwana a tasha. Da an ce wane ya samu aiki ko gurbin karatu a gari kaza, sai wanda ke kusa ya share masa ɗaki. Samun gidan haya a garuruwan jami'a wahala ce ta gaske. Mai gida zai nemi takardar albashi, da shaidar ba a bin ka bashi, da kuɗin ajiya da ka iya kai hayar wata uku, ga shi doka ta ce ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari cikin mako biyu da tarewa. Sabon zuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin takardun nan, sai wani ya tsaya masa.

In an samu gidan ma, Malam zai yi mamakin yadda ake ba da shi. Sau da yawa za ka shiga kicin ka tarar da bango tsirara, bututun ruwa biyu ne kawai suka leƙo, ba murhu, ba wurin wanke-wanke. Ka ɗaga kai ka ga waya tana reto inda ya kamata ƙwan lantarki ya kasance. Wanda ya tashi ya kwance komai ya tafi da shi. Shi ya sa kayanmu ke zagaye. Akwai wani gadon jariri na katako da ya bi gidajenmu da dama, kowane uba ya sake ɗaure masa ƙusa, ga tukwane da rigunan sanyi da ke tashi daga hannun mai tafiya zuwa hannun mai zuwa. Ranar Asabar ake ɗaukar hayar mota a taru a yi jigila, injiniya da likita da mai nazarin harshe kowa da kwali a kafaɗa har hawa na huɗu. Ba a yi ranar Lahadi, domin ranar shiru ce, shaguna a rufe, maƙwabta kuma ba sa yafe ƙarar guduma.

Malam ya kawo ƙorafin da ya ji, cewa in za a ziyarce mu sai an nemi rana tun da wuri. Gaskiya ne, kuma na san yadda hakan ke sauka a kunnen wanda ya saba da ƙofa a buɗe. Amma gidan da ba kaka, ba ƙanwar uwa, ba mai aiki, miji na aji, mata na ɗakin gwaje-gwaje ko asibiti, gidan renon yara kuma yana rufewa a kan lokaci, dole ya rayu da kalanda. Sa rana a wurinmu alkawari ne cewa ranar taka ce gaba ɗaya. Haka zancen rashin zuwa biki da suna. Zuwa makaranta tilas ne ga yaro a ƙasar nan, ba a yarda da karatun gida ba, kuma uban da ya cire ɗansa ya yi tafiya da shi kafin a ba da hutu na iya cin tara. Shi kansa malami ba ya barin aji a tsakiyar zango. Ba yanke zumunci muka yi ba, hutun bazara kawai muke da shi, shi ma a raba shi tsakanin dangin miji da na mata.

Batun ɗalibai kuwa, abin da aka gaya wa Malam akwai gaskiya a ciki. Ba sa miƙewa in ka shigo, ba sa karɓar jakarka, suna shan ruwa ko kofi kana magana. Yarinya 'yar shekara ashirin za ta ɗaga hannu ta ce ba ta yarda da abin da ka faɗa ba, ta kawo shafi da layi. Amma ba raini ba ne. Ba za ta kira ka da sunan yanka ba sai ka ba ta izini, kuma ta karanta abin da ka ce a karanta, shi ya sa ta samu abin musu. Idan darasi ya ƙare, sai ka ji duk ajin suna ƙwanƙwasa tebur da gaɓoɓin yatsu, godiyarsu ke nan. A ajin nan malamin da ya ce ban sani ba, zan duba in dawo muku, darajarsa ƙaruwa take yi. Na tuna Malam ya sha gaya mana cewa faɗin ban sani ba rabin ilimi ne. A nan na ga jama'a sun mai da shi ɗabi'ar yau da kullum.

Abin da ba sa wasa da shi shi ne satar rubutu. A 2011 jami'ar Bayreuth ta ƙwace digiri na uku na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda ya kwafi aikin wasu bai ambace su ba, ya kuma sauka daga muƙaminsa. A 2013 haka ta faru da ministar ilimi kanta, Annette Schavan. Wanda ya zauna a ƙasar da minista ke rasa kujera a kan wannan, ba zai iya sa hannu a takardar da bai yarda da ita ba. Ina so 'yan'uwa su fahimci wannan idan suka ce mun ƙi yin alfarma. Gurbin karatu ba a aljihunmu yake ba, kyautar ɗalibi ma doka ta hana mu karɓa. Abin da muke iyawa muna yi: mu karanta tsarin binciken yaro mu gyara, mu nuna masa ƙofofin tallafi irin na DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, da gidauniyar Humboldt, mu gaya masa gaskiya cewa wasiƙar da ta cika da yabon farfesa ba tare da tambayar bincike ba, ba wanda zai amsa ta. Da yawanmu muna raba dare muna wannan aiki ga yaran da ba mu taɓa gani ba.

Ba mu ne farkon Hausawa a wannan hanya ba. A 1855 matafiyin nan Heinrich Barth, haifaffen Hamburg, ya dawo Turai daga Afirka tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Daga bakin Dorugu ne wani ɗan mishan mai suna James Schön ya kwashi Hausa mai yawa da ya gina littattafansa a kai. An daɗe kuma ana koyar da Hausa a jami'o'in Hamburg da Kolon da Leipzig da Berlin. Amma tsawon zamani Bahaushe shi ne bakin da ake ɗiba, wani ne ke sa suna a bangon littafi. Har yau akan samu wanda zai gayyace ka aikin bincike don ka fassara masa hira ka buɗe masa ƙofofi, sannan ya gode maka a layin ƙarshe. Shi ya sa muke gargaɗin ƙannenmu tun ranar farko su tambaya a rubuce: sunana zai fito cikin marubuta ko a'a? Wannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne. Ba zan ɓoye wa Malam ba kuma, akwai wariyar launi. Akwai mai gidan da zai ce an riga an kama ɗakin da zarar ya ji sunanka, akwai jirgin da za a bar kujerar kusa da kai ba kowa. Akwai kuma abokan aiki da suka tsaya mana tsayuwar 'yan'uwa.

Jan fasfo, wato fasfon Jamus, da Malam ya tambayi abin da ya sa wasunmu ke karɓarsa, dalilinsa aiki ne. Malamin jami'a ba ya rabuwa da taron ƙara wa juna sani. Da takardar zama ta Jamus za ka shiga Faransa ko Italiya ba tare da biza ba, amma in taron a Ingila ko Amurka yake, abokin aikinka Bajamushe ba ya buƙatar biza, kai kuwa ka shiga layin ofishin jakadanci, wani lokaci taron ya wuce biza ba ta fito ba. Da can karɓar fasfon Jamus na nufin ajiye na gida, shi ya sa da yawa suka ƙi. Tun watan Yunin 2024 doka ta yarda mutum ya riƙe biyu, bayan zaman shekara 5. Wanda ya karɓa bai sayar da asalinsa ba.

Addini muna riƙe da shi gwargwadon iko. Juma'a a masallatan Turkawa da Larabawa muke yi, kuma tun ana tsara jadawalin zango kowa ke roƙon a bar masa azahar ɗin Juma'a. A watan Disamba a arewacin ƙasar, azahar da la'asar da magariba duk suna faɗawa cikin awa huɗu, sai ka ga mutum da darduma a naɗe bayan ƙofar ofis. Azumin 2015 zuwa 2017 kuwa ya faɗo a tsakiyar bazara, muka riƙa kai awa 18 da ɗoriya. Ranar salla ba hutu ba ce, kowa ɗaukar rana yake yi daga hutunsa, mu taru a gari guda don yara su ga junansu.

Yaran nan su ne damuwarmu babba. Suna jin Hausa, amma da Jamusanci suke amsawa. In Malam ya ga ɗayansu yana kallon tsakiyar idonsa yana magana, ya yi masa uzuri. A makaranta an koya masa cewa sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce, a gida muna koya masa cewa ladabi ne, yaro yana ta ƙoƙarin gane inda zai yi wanne. Muna da karatun allo ta intanet ranar Asabar, muna kuma dagewa a yi Hausa a kan tabarmar cin abinci. Wasu gidajen sun ci nasara, wasu ba su ci ba.

Saura abu guda, kuma a nan ni ne mai tambaya. Muna da asusu da kowane gida ke zuba wa kuɗi duk wata saboda rasuwa. A jihohi da dama doka ba ta bari a binne mamaci kafin awa 48, kabari kuma haya ake bayarwa ta wasu shekaru, galibi 20 zuwa 25, sai an sabunta. Yawancin jihohi yanzu sun yarda a binne Musulmi da likkafani ba akwati, jihar Bavariya ma ta bi sahu a 2021, kuma manyan birane sun ware wuraren da ke fuskantar alƙibla. Kanmu ya rabu biyu. Dattawanmu na cewa a mai da su gida ko nawa za a kashe. Wasu na cewa a binne su inda ajali ya same su, kusa da 'ya'yan da za su ziyarci kabarin, tunda jinkirta gawa kwanaki saboda takardu da jirgi ba abin so ba ne. Mun tambayi limaman nan, amma jama'armu sun fi natsuwa da fatawar malamin da ya san mazhabarmu ya kuma san mu. In Malam ya samu sarari ya rubuto mana abin da ya fi inganci a kan ɗaukar gawa daga ƙasa zuwa ƙasa, da hukuncin kabarin haya, zan karanta wa jama'a a taronmu na gaba. A gaida mutanen gida. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.