Tambaya da Amsa: Me ya sa dusar ƙanƙara ke fitowa ruwan toka a hotona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba lokacin sanyi, kuma ina matuƙar son hoto baƙi da fari. Zan fita in ga fili fari fat gwanin sha'awa in ɗauka, da na dawo na buɗe a kwamfuta sai in tarar dusar ta koma ruwan toka, hoton duk ya mutu. In na ƙara masa haske wajen editin, wato gyaran hoto a kwamfuta, kuma sai ya zama kamar farar takarda, ba a ganin komai. Don Allah kyamarar ce ba ta da kyau ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kar ka je ka sayar da ita a banza. Mitar da ke auna haske a cikinta an yi ta ne a kan zaton duk abin da aka nuna mata in an haɗa haskensa da duhunsa zai tashi ruwan toka na tsakiya, wanda masu sana'ar ke ƙiyastawa da kashi 18 cikin ɗari na hasken da abu ke mayarwa. Toh ita ba ta san dusa ba, ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta rage, shikenan farinka ya koma toka. Maganin a wajen ɗauka yake tun kafin a zo maganar editin, ka nemi maɓallin nan mai alamar +/- ka ƙara zuwa +1, in dusar ta cinye kusan duk hoton ka kai +2, ko a waya ma in ka danna kan allo za ka ga ɗan hoton rana da ake ja sama.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Wajen 1940 Ansel Adams, Ba'amurken nan da ya yi suna da hotunan gandun dajin Yosemite na Amurka, shi da Fred Archer suka kasa haske gida 11, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 10 fari fat. Mita kullum a gida na 5 take ajiye abu, ita kuwa dusar da ake so a ga tudu da kwarinta a 7 ko 8 take zama. Ka wuce nan ka shiga farar takardar da kake kuka da ita. Shi ya sa nake cewa ka daina yarda da allon bayan kyamara, a cikin wannan ƙyallin ido ba ya gane komai, ka kunna histogiram, zanen nan mai kama da tuli da ke nuna duhu a hagu haske a dama, ka ga tulin ya matsa dama sosai amma bai manne da bango ba. Kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ke riƙe duk abin da kyamara ta ɗauka, don a JPEG, fayil ɗin hoto na yau da kullum, in fari ya ƙone ya ƙone kenan.

Sai dai fa inaga rabin mutuwar hoton naka daga tsari take. Fili fari shi kaɗai ba hoto ba ne, ido na neman inda zai sauka. Dusa ta riga ta yi maka aiki, ta rufe ciyayi da shara da duk tarkacen da ke cika hoto, saura ka samo abu ɗaya mai duhu, bishiyar da ta kaɗe ganye, ko layin shinge da ya ratsa tudu, ko sawun mutum ɗaya da ya miƙe ya ɓace, ka ajiye shi a gefe ka bar masa fili ya sha iska. Ka duba hotunan da Michael Kenna ɗan Ingila ya ɗauka a tsibirin Hokkaido na Japan, wani sa'in bishiya ɗaya ce tal a cikin fari amma ka kasa ɗauke ido. Ranar da gajimare ya rufe, sama da ƙasa kan haɗe ka rasa iyakarsu, mutane na cewa ranar ba ta hoto ba ce, ni kuwa ita na fi so ga irin wannan aiki. In kuma tudu da kwarin dusar kake so su fito toh sai safiya ko yamma da rana ke bugowa daga gefe. Af, kuma kar ka tattaka wurin kana neman inda za ka tsaya, sawunka ba ya gogewa, ka fara ɗauka daga nesa kana matsowa.

Wajen editin, kar ka ja kala zuwa sifili kawai ka ce ka gama. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom da ire-irenta in ka mayar da hoto baƙi da fari akwai silaida, wato maɓallin da ake ja hagu ko dama, ta kowace kala, kuma wadda ta fi maka amfani ita ce shuɗi, saboda inuwar da ke kan dusa a rana shuɗiya ce, hasken sararin sama ne ke faɗa mata. Ka rage shuɗin kaɗan za ka ga inuwa ta yi zurfi, sama ta yi duhu, dusar ta taso, aikin da masu kyamarar fim ke yi kenan a da ta hanyar ɗora jan gilashi a bakin kyamara. Kaɗan na ce fa, in ka zarce sama za ta yi tsaki-tsaki, farin zare ya zagaye rassan bishiya. Daga nan ka ɗaga fari har ya kusa ƙonewa ka tsaya, ka tabbatar akwai baƙi na gaske ko da a gindin bishiya ne, sai ka ɗauki burushi ka haska nan ka duhunta can yadda ido zai bi hanyar da kake so. Silaidodin nan na fito da gwaɓi da kawar da hazo kuwa ka yi hattara da su, suna sa dusa ta yi kamar an wanke kwanuka a kanta. Kafin ka adana ka zuƙo hoton ka bi sama, ƙurar sensa, wato faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara, ta fi nuna kanta a farin fili musamman in ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni kuma so nake a ga dusar tana zuba a hoton amma ba ta fitowa, ga batir ɗina ba ya daɗewa, kuma da na shigo ɗaki gilashin kyamarar sai ya yi gumi.

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa. Dusa mai zuba ba ta fitowa a kan farin sama, ki nemi bango mai duhu kamar daji ko gini ta ratsa gabansa. In ɗigo-ɗigo kike so ki sa saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ta karɓi haske, a 1/250 na daƙiƙa ko mafi sauri, in kuma zare-zare kike so ki sauko wajen 1/30 ki kafa kyamarar a kan ƙafarta. Batir sanyi ne ke kashe masa ƙarfi, ki ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da jiki kina musanyawa, wanda ya mutu ma in ya ji ɗumi yakan ɗan farfaɗo. Gumin kuwa danshin iskar ɗaki ne ke sauka a kan gilashi mai sanyi, tun kina waje ki cire katin ajiyar hotuna, ki sa kyamarar a leda ki ɗaure bakin, ki bar ta kamar awa ɗaya ko biyu a ɗaki kafin ki buɗe.