Tambaya da Amsa: Zan Zagaya Cin Abincin Titi a Alƙahira, In Fara Shan Flagyl Tun Daga Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, shekaruna 61, ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Ɗana ya kammala karatu a Jami'ar Azhar, kuma nan da wata guda zan je Alƙahira in Allah ya yarda. Ya ce ya biya mana kuɗin wani zagaye da ake yi a ƙafa cikin tsohon birni, inda jagora zai riƙa kai mu wuraren masu abinci muna ɗanɗanawa na kusan awa huɗu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, shekarar da na je Hajji gudawa ta kwantar da ni kwana uku, ga shi ina shan maganin hawan jini. Mai kemis ɗin garinmu ya haɗa mini Flagyl da ja-da-yalo, ya ce in fara sha kwana uku kafin tafiya domin su ɗaure mini ciki. In sha, ko in haƙura da zagayen?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, Allah kuma ya sanya wa karatun yaron albarka. Ka je zagayenka, domin ban ga abin da zai hana ka ba a cikin abin da ka faɗa. Ƙullin mai kemis ne ya fi tayar mini da hankali, kuma a kansa zan daɗe.

Da wuya mako ya wuce ban ga wanda ya zo asibiti da wannan haɗin a aljihu ba. Mai zuwa biki yana sha, mai tafiya fatauci kudu yana sha, maniyyaci ma yana zubawa a jaka tun kafin ya sayi harami. An mai da Flagyl tamkar laya, alhali aikinsa ƙayyadadde ne: yana kashe ƙwayoyin cutar hanji irin su amiba da jiyadiya, da wasu bakteriya waɗanda ba sa rayuwa inda iska take. Gudawar matafiyi kuwa, galibinta daga wasu bakteriya irin su E. coli take zuwa, ko Campylobacter, ko Shigella, ko ƙwayar bairos, kuma ba Flagyl ake ba wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya fi yiwuwa ka samu shi ne ɗacin ƙarfe a baki da tashin zuciya. Yaro ya kashe kuɗinsa domin mahaifinsa ya ji daɗin abincin Masar, kai kuma ka isa da harshen da komai ya taɓa sai ya zama maɗaci.

Ja-da-yalo kuma, wato tetirasaikilin, an sha shi ba bisa ƙa'ida ba tun zamanin iyayenmu, har an kai ga ana buɗe shi a zuba wa kaji a ruwa ko a barbaɗa a gyambo, don haka da yawa daga cikin ƙwayoyin da ke kawo gudawa sun daina jin sa. Yana ƙona maƙogwaro idan an haɗiye shi ba ruwa sosai, yana sa fata ta kasa jure rana, kuma nono ko maganin olsa na ruwa yana hana jiki ɗaukarsa. Wanda ya kwana biyu a tiren mai talla yana shan ranar kasuwa, wannan Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinsa.

Akwai wani abin da masu haɗa wannan magani ba su taɓa faɗa wa mutane ba. A hanjin kowane lafiyayye akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne suka cika wurin har baƙuwar ƙwaya take rasa inda za ta zauna. Idan ka yi kwana uku kana shan antibayotik kafin tafiya, ka rage waɗannan masu gadin ke nan daidai lokacin da ka fi bukatarsu, sannan ka ƙara yiwuwar dawowa gida da ƙwayoyin da ba sa jin magani, su shiga cikin jikokinka. Mu ne muke ganin ƙarshen abin, ranar da aka kawo yaro da zazzaɓin taifot mu gwada magani na farko da na biyu bai ji ba. Kuma amai da murɗar cikin da ke tasowa awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci, yawanci guba ce da ƙwayar ta riga ta zuba a cikin abincin, musamman shinkafar da ta daɗe a ajiye ba zafi. Babu antibayotik ɗin da ke karya wannan gubar. Ban ce kowane mai kemis mugu ne ba, da yawansu su ne gatan ƙauyukanmu da dare. Amma wanda ya ba mai hawan jini magani kala biyu bai ko tambayi wanda yake sha ba, ciniki ya yi, kuma dokar da ta ce kada a sayar da irin waɗannan magunguna sai da takardar likita tana nan a rubuce, masu sa ido ne ba ma gani.

Yanzu ga zagayen kansa. Irin wannan yawo yakan bi ta kusa da masallacin Azhar, kasuwar Khan Khalili da titin Mu'izz, kuma jagoran da ya san aikinsa wuraren da ya saba yake kai baƙi, inda ciniki ke gudu abinci ba ya kwana. Yawancin abin da za a miƙo maka ba zai zame maka baƙo ba. Ta'amiyya 'yar'uwar ƙosai ce, daga mai take fitowa da zafinta, ka ci. Burodinsu da suke kira aish baladi gurasa ce. Ful, wato dafaffen wake, ka san shi tun Makka. Koshari, wato shinkafa da taliya da ƙananan waken adas da miyar tumatir da soyayyar albasa, ka karɓa idan yana tururi. Abin da nake so ka kauce wa shi ne ɗanyen ganye da salak ɗin da ake cusawa cikin gurasa, da ƙanƙara a cikin abin sha, da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka aka shanya. Karkade zoɓo ne, ka nemi mai zafi. Ruwan rake yana da daɗi, sai dai injin da kofin ba ka san da wane ruwa aka ɗauraye su ba. Ruwan gora mai hatimi za ka riƙe. Idan wani ya yi maka tayin fasikh, wani kifi da ake tsimawa cikin gishiri, ka ce alhamdu lillahi ka ƙoshi. A 1991 ya jawo gubar da ta kashe mutane a Alƙahira, kuma gishirinsa kaɗai ya ishi mai hawan jini. Haka ma turshi, kayan lambun da ake jiƙawa cikin gishiri.

Tun da saura wata guda, ka je babban asibiti ka tambayi allurar rigakafin taifot da ta ciwon hanta nau'in A, domin suna bukatar kamar mako biyu kafin su fara aiki. Ka duba katinka na rigakafin cutar shawara, Masar tana neman sa daga wanda ya taso daga Nijeriya. Ka tafi da maganin hawan jininka wanda zai ishe ka har ka dawo, cikin kwalinsa, da fakitin ORS kamar goma. Yaron ya sanar da jagora tun kafin ranar cewa mahaifinsa dattijo ne mai hawan jini, kuma idan lokacin zafi ne a zaɓi zagayen yamma.

Idan duk da haka cikin ya ɓaci, ka fara shan ORS nan take, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin fakitin. Amma idan ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko an kwana biyu ba sauƙi, yaron ya kai ka wurin likita a ranar, ka kuma nuna masa maganin hawan jinin, domin wasu daga cikinsu, musamman mai sa fitsari, akan dakatar da su na ɗan lokaci idan jiki ya rasa ruwa saboda ƙoda. Lambar motar asibiti a Masar 123 ce.