Kirsimetin farko a wurin aikin mishan: a zauna ko a koma gida?

Ɗan'uwa, ka ce wannan ce shekararka ta farko a aikin mishan a Nijar, kuma zuciyarka na jan ka zuwa gida Kafanchan don Kirsimeti. Ni dai shawarata ka zauna, wannan karon kaɗai. Sai fa in mahaifi ko mahaifiya na kwance ba lafiya, to wannan ba abin shawara ba ne, ka ɗauki jaka ka kama hanya.

Dalilina shi ne abin da na gani a Galmi, garin albasa da ke kan hanyar Birnin Konni zuwa Madawa, inda asibitin ƙungiyar mishan ta SIM yake tun 1950. Ƙarshen Disamba sanyin hunturu ne, yara na ta zuwa da tari da ciwon ƙirji, ga ma'aikata da dama sun tafi hutu. Ciwo kuwa bai san ranar biki ba. Ranar 25 ɗin nan bayan sujada muka dafa shinkafa da nama muka kai wa masu jinya, waɗanda yawancinsu Musulmi ne daga ƙauyukan kewaye. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka har na rasa abin cewa. Da Babbar Salla ta zo, ɗanta ya aiko mini da cinyar rago. Kewar gida kam za ta dame ka, musamman da daddare. Ka tanadi katin waya, ka kira su tun da safe kafin layi ya cushe.