Tambaya da Amsa: Shuɗin danƙon da ke manna takarda a bango

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce. Wata ƙawata da ta dawo daga karatu a Ingila ta kawo mini tsarabar wani shuɗin abu mai laushi kamar cingam, an rubuta Blu Tack a jikin kwalinsa. Na manna taswira da hotunan haruffa da shi a bangon ajina, suka zauna lafiya lau, amma da zafi ya shigo sai wasu suka fara faɗowa, kuma da na ciccire sauran na tarar da tabon maiƙo a jikin fenti. Da me ake yin wannan abu, ina ya samo asali, me ya sa ba ya bushewa, kuma ko yana da illa ga yara? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tambayoyinki duka suna komawa ne ga hali guda na wannan danƙo, wato rashin bushewarsa, domin a nan amfaninsa yake, a nan kuma aibinsa yake.

Gam da ƙaro da sitacin da ake damawa a liƙa takarda duk hanyarsu ɗaya ce: ana shafa su suna jiƙe, ruwan da ke cikinsu ya tafi, su ƙame, daga nan kuma babu rabuwa sai da yagewa. Wannan danƙo kuwa ba ya jiran iska ko rana, matsi kawai yake buƙata. Bangon da ido ke gani sumul yana cike da ƙananan ramuka da ƙuraje waɗanda ba a gani, kuma idan kika danna danƙon da babban yatsa sai ya kutsa cikin waɗannan ramuka ya cika su, ya haɗu da bangon ta ko'ina, haɗuwar nan ce take riƙe takardar. Shi ya sa ake so a fara murza shi a tsakanin yatsu har ya ɗauki ɗumin hannu kafin a manna, domin wanda aka gutsuro da sanyinsa aka ɗora ba ya shiga ramukan sosai. Kina iya gwada halinsa a gaban ɗalibanki: ki mulmula shi ya yi tsawon yatsa, ki ja a hankali, za ki ga yana miƙewa har ya zama siriri kamar zare, ki sake mulmulawa ki fizge da ƙarfi, sai ya tsinke nan take. Abu ne da ya tsaya tsakanin mai ƙarfi da mai gudana, kuma yadda aka taɓa shi haka yake amsawa.

Kamfanin da ke yin sa ya riƙe ainihin haɗin a matsayin sirrin sana'a, amma ginshiƙan irin wannan danƙo sanannu ne. Akwai robar da ake haɗawa a masana'anta, wadda take ba shi yauƙi da kamu. Akwai garin ma'adini dangin alli, wanda yake ba shi jiki da nauyi. Sannan akwai mai, wanda yake hana shi ƙamewa. Ba ya narkewa a ruwa, kuma idan kika jefa shi cikin kofi nutsewa zai yi.

Asalinsa Ingila ne, a wajajen shekarar 1970, kuma ba shi aka nufa ba. Ana ƙoƙarin haɗa abin toshe kafa ne da garin alli da roba da mai, sai haɗin ya ƙi yin aikin da aka so, ya fito yana kamawa yana kuma saki ba tare da ya bushe ba. Kamfanin Bostik, wanda masana'antarsa ke birnin Lesta, shi ya mayar da wannan kuskure haja. Kamfanin kansa tsoho ne, an kafa shi a jihar Masacusets ta Amurka a 1889 yana yi wa masu sana'ar takalma kayan rina fata, kuma tun 2015 yana hannun kamfanin Arkema na Faransa. Da farko danƙon fari ne, sai aka ji tsoron kada yara su ɗauka cingam ne su jefa a baki, aka zuba masa shuɗin launi, daga nan sunan ya samu. Wasu kamfanoni sun fito da nasu: a Faransa an fi sanin Patafix na kamfanin UHU, Faber-Castell kuma yana da Tack-It. A Afirka ta Kudu kuwa Prestik ake cewa, amma shi ma na Bostik ne. Wataƙila zai ba ki dariya ki ji cewa mutanen ƙasar Aisland suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce cingam ɗin malami, saboda a hannun malaman makaranta aka fi ganinsa.

Faɗowar hotunanki ba abin mamaki ba ne. Ɗumin da ke taimaka masa ya kama, idan ya yi yawa shi ne ke kwance shi. A ajin da ke da rufin kwano a watan Afrilu, danƙon yana yin laushi fiye da kima, nauyin takardar ya riƙa jan sa ƙasa kaɗan-kaɗan har ya saki, musamman idan fanka tana kaɗa gefen takardar. Ƙura ma abokiyar gabarsa ce, domin idan bango ya sha hunturu ba a goge ba, ƙurar yake kamawa, ba bangon ba. Maganin shi ne ki goge wurin da busasshen tsumma, ki yi ƙananan dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa maimakon babba guda, ki sa a kusurwoyi huɗu da tsakiya, sannan ki danna kowanne har ya baje. A kan tayil da gilashi da ƙarfe da katako mai fenti yana kamawa sosai, amma a kan farar ƙasa ko shafen siminti mai zubar da gari ko bangon laka ɓata lokaci ne. Kada kuma a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Agogon bango da hoto mai gilashi ƙusa suke so.

Tabon da kika gani kuwa man nan ne da ke hana shi bushewa. Idan ya daɗe a wuri mai tsotsar ruwa, man yana fita a hankali ya yi naso, kuma zafi yana gaggauta hakan. Fentin ruwa marar sheƙi ya fi kamuwa, fentin mai kuwa da wuya ya nuna komai. Wurin cirewa kada ki fizga, ki mulmule shi daga gefe, abin da ya saura ki dangwale shi da wani dunƙulen, domin ɗan'uwansa ne ya fi iya ɗauko shi. Tabon da bai yi nisa ba yakan ragu da sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi, amma ki fara gwadawa a wurin da ido ba ya kaiwa, saboda gugar tana iya cin fentin. Wanda ya riga ya shige ciki sau da yawa sai an sake fenti. Takarda ma tana shan wannan mai, don haka yana da kyau ki liƙa ɗan salatef a bayan kowace kusurwa ki ɗora danƙon a kansa. A ganina bai kamata a kusantar da shi ga takardar shaidar karatu ko tsohon hoton iyali ba ko da na kwana ɗaya ne, kuma mai zaman haya da ya guje wa ƙusa don tsoron mai gida ya sani cewa tabon maiƙo ma yana jawo magana.

Amfaninsa bai tsaya ga takarda ba. Masu gyaran waya da rediyo suna ɗora ɗan ƙanƙani a bakin sukurdireba don ya riƙe ƙaramin noti har ya shiga wurinsa. Masu gyaran agogo suna da irin nasu mai suna Rodico, na kamfanin Bergeon da ke Suwizalan, wanda suke dangwalawa a kan ƙananan sassa ya ɗauke ƙura da shatin yatsa. A gidajen adana kayan tarihi, da gidajen mutane a yankunan girgizar ƙasa irin su Kalifoniya da Japan, ana sa wani nau'insa a gindin tangaran da gilasai don kada su zame daga kanta.

Game da yara, masu yin sa sun bayyana cewa ba shi da guba, kuma ɗan ƙanƙanin da aka haɗiye bisa kuskure yakan bi bayan gida ya fita. Haɗarin da ya fi shi ne maƙalewa a maƙogwaro, ko yaro ya cusa shi a hanci ko kunne, wanda idan ya faru sai a kai shi asibiti maimakon a yi ta tono a gida. Kada a toshe kunne da shi, kada kuma a kai shi kusa da wuta. Ki riƙa ajiye ragowar a cikin takardar da ya zo da ita, a cikin durowar da kike kullewa, kuma duk dunƙulen da ya yi baƙi da datti har ya daina kama yatsa, ki yar da shi ki gutsuro sabo.